NOMA DA KIWO: Ire-iren Karnuka Da Inda Suka Fito

Manomi ba ya sayen sa sai ya san abin da zai yi da shi. In na huɗa yake nema, sai ya dubi ƙirji da wuya da ƙafafu. In kuwa saniyar tatsa ce, hantsa zai duba, ya kuma tambayi yawan nonon da uwarta ke bayarwa. Amma abin mamaki, mutumin da ya san wannan duka, ran da ya tashi sayen kare sai ya manta. Ya ga wani ƙato mai gashi buzu-buzu a ƙofar gidan wani attajiri, ya ji an ce irinsa daga Turai aka kawo, shi ke nan sai ya ƙirga kuɗin da zai sayi tumaki ya bayar. Kafin bazara ta wuce karen ya kwanta ciwo, ko kuwa ya rayu amma ya kasa aikin da aka sawo shi dominsa.

Abin da ke kawo wannan hasara rashin sanin asali ne. Kowane irin kare da ake gani yau, waɗansu mutane ne a wata ƙasa suka yi ta zaɓe har suka fitar da shi, domin wani aiki da ya dame su. Aikin nan da yanayin ƙasar suna cikin jininsa, ko ina aka kai shi da su zai tafi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saboda haka wanda ya san inda kare ya fito, da aikin da kakanninsa suka yi, ya san rabin abin da zai samu tun bai biya ba.

ASALIN KARE

Masana sun tabbatar karnukan duniya duka, manya da ƙanana, tushensu ɗaya ne, watau kyarkecin ƙasashen sanyi na Turai da Asiya. Wannan dabam yake da kyarkecin dajin Afirka mai dabbare-dabbare. Dila ma, ko da yake ya yi kama da kare, ba shi ne kakansa ba. Kare shi ne dabbar da ɗan Adam ya fara sabawa da ita, tun kafin tunkiya da akuya da saniya. A 1914 masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bon na Jamus, suka tono wani kabari da aka binne mutum biyu da kare a ciki. Da aka auna ƙasusuwan daga baya sai aka tarar sun kai wajen shekara 14,000.

Tun zamanin da mutane ke zaɓe. Maharbi ya ga karyar da ta fi gudu, sai ya haɗa ta da karen da ya fi gudu. Makiyayi ya ga wanda ba ya cizon 'yan tumaki, sai ya ajiye 'ya'yansa ya ba da sauran. A haka kowace ƙasa ta sami nata. Amma rubuta iri a littafi, da ba kare takardar asali, abu ne na baya-bayan nan. A birnin Newcastle na Ingila aka fara nunin karnuka irin na zamani a 1859, kamar yadda ake nunin amfanin gona. A 1873 aka kafa ƙungiyar masu karnuka ta Ingila a Landan, ta shiga rubuta kowane kare da sunan uwarsa da na ubansa. A 1911 kuma aka kafa babbar ƙungiya ta ƙasashe, wadda ofishinta ke Beljiyam, ta kuwa amince da iri fiye da 350.

Ba duka ne suka shafi mai karatu ba. Malamai sun bayyana cewa hadisi ya yi izinin ajiye kare saboda abu uku: kiwo, da tsaron gona, da farauta. Bisa waɗannan ayyuka za a bi shahararrun iri a nan, tun da yake su ne ayyukan da aka fitar da yawancinsu dominsu.

KARNUKAN KIWO

Karen kiwo iri biyu ne. Akwai mai kora, akwai mai gadi. Mai kora shi ke tara garke ya juya shi inda makiyayi ke so. Mai gadi ba ruwansa da kora, kwanciya yake yi cikin garke ya jira abin da zai fito daga daji.

Cikin masu kora babu kamar Koli, wanda ya fito daga tuddan kan iyakar Ingila da Sikotilan. Matsakaici ne, nauyinsa kilo 14 zuwa 20, galibi baƙi da fari. Ba ya yawan haushi. Sai ya sunkuyar da kai ya ƙura wa tumaki ido, ya riƙa zagayawa a hankali har su bi inda yake so, makiyayi kuwa na tsaye can nesa yana ba shi umurni da fito. An yi gasar wannan aiki a garin Bala na ƙasar Wales a 1873, kuma yawancin Kolin yau jikokin wani kare ne mai suna Old Hemp da aka haifa a 1893. Amma fa a lura, a ƙasarsu sakin tumaki ake yi bisa tudu su warwatse, shi ya sa ake bukatar mai tarawa. Inda dabbobi suka saba bin makiyayi da kira da sanda, kamar shanun Fulani, aikin Koli kaɗan ne. In kuwa aka ajiye shi gida ba aiki, sai ya shiga korar kaji da yara da masu keke, gama ba ya iya zama wuri ɗaya.

Alseshan shi ne karen Turai da aka fi sani a biranen Nijeriya da Nijar, domin shi aka saba gani hannun 'yan sanda da soja. Asalinsa karen tumaki ne na Jamus. Wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ya ga wani kare a wurin nuni a 1899, ya saye shi, ya sa masa suna Horand, a shekarar kuma ya kafa ƙungiyar da ta fitar da irin. Sunansa na gaskiya karen makiyayan Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Farko mutanen Ingila ba su son jin sunan Jamus, sai suka laƙaba masa sunan lardin Alsas, ba su mayar masa da nasa ba sai 1977. Tsayin namiji a kafaɗa inci 24 zuwa 26 ne, nauyinsa kilo 30 zuwa 40. Kunnuwansa a tsaye suke, bayansa baƙi, ƙafafu ja-ja. Yana da saurin koyo ƙwarai, shi ya sa da kiwon tumaki ya ragu a Jamus aka juya shi ga aikin 'yan sanda, da yi wa makafi ja-gora. Aibinsa biyu ne. Gashinsa ninki biyu ne, na sama da na ƙasa mai laushi, saboda sanyin ƙasarsu. Sa'an nan da yawa cikinsu sukan gaji ciwon ƙugu, wanda ke sa su jan ƙafafun baya tun ba su tsufa ba.

Cikin masu gadi, wanda ya yi suna a kasuwa shi ne Kokeshan. Ya fito daga duwatsun Kokesas, tsakanin Rasha da Jojiya da Armeniya da Azarbaijan, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Aikinsa faɗa da kyarkeci. Namiji ba ya kasa kilo 50, watau buhun taki guda, da yawa kuwa sun wuce haka nesa. Makiyayan can sun so karen da zai yi abin da ya ga ya dace da tsakar dare ba tare da jiran umurni ba, saboda haka yana da taurin kai, ba ya kuma yarda da baƙo. A wuri mai sanyi kamar tudun Jos ko Mambila abin da sauƙi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram kuwa, gashin nan da ake sha'awa azaba ne gare shi.

Abin da aka yi a Namibiya ya isa misalin zaɓe mai kyau. Manoman can sun daɗe suna hasarar awaki ga wata irin damisa siririya mai tsananin gudu. Tun 1994 wata ƙungiya mai kiyaye namun daji ta shiga raba musu karnukan gadi na Anatoliya, watau tsakiyar ƙasar Turkiyya. An zaɓe su ne domin ƙasarsu busasshiya ce mai zafi da rani, gashinsu bai cika tsawo ba, gadin garke kuma shi ne gadonsu. Ana sa ɗan kwikwiyo cikin garke tun yana wajen wata biyu, ya tashi da awaki, ya ɗauke su 'yan uwansa. Manoma suka ga hasara ta ragu ƙwarai. Wannan dabara ba lalle sai da karen waje ba, mai awaki na iya gwada ta da ɗan kwikwiyon gida.

KARNUKAN TSARO

Rotwaila ya sami sunansa daga garin Rottweil a kudancin Jamus, tsohuwar kasuwar shanu. Karen mahauta ne da fataken shanu. Shi ke kora shanu zuwa kasuwa, ya kuma ja 'yar amalanken nama. An ce mahauci in ya gama ciniki sai ya ɗaura jakar kuɗinsa a wuyan karen, ya ga ɓarawon da zai kwance ta. Da jirgin ƙasa ya zo a ƙarni na 19 aka daina kora shanu a ƙasa, irin ya kusa ƙarewa, sai aikin 'yan sanda ya farfaɗo da shi a farkon ƙarni na 20. Baƙi ne, da ja a baki da ƙirji da ƙafafu, da ɗigo biyu bisa idanu. Namiji kan kai kilo 50. Natsattse ne, ba ya haushin banza, amma in ya yunƙura yaro ko tsoho ba ya iya riƙe shi.

Labarin Dobaman zai yi wa malaman haraji daɗi. Louis Dobermann mai karɓar haraji ne a garin Apolda na Jamus, shi ne kuma mai kama karnukan gari waɗanda ba su da masu su. Yawo da kuɗin hukuma cikin jaka yana da hatsari, sai ya riƙa zaɓen masu zafi cikin karnukan da ya kama yana haɗa su, har wajen 1890 ya sami abin da yake so. Ya rasu a 1894, aka sa wa karen sunansa. Dogo ne siriri, inci 27 zuwa 28, kilo 40 zuwa 45, gashinsa gajere, saboda haka zafi bai cika damunsa kamar masu gashi ba. An yi shi ne don ya bi mutum guda ya tsare jikinsa. Ɗan kasuwar da ya kulle shi shi kaɗai a sito dare da rana zai sami kare mai firgita da yawan cizo.

Burbul ɗan Afirka ta Kudu ne. Turawan Holan da suka fara sauka can a 1652, da waɗanda suka biyo bayansu, sun zo da manyan karnuka, suka yi ta gauraya a gonaki. Bur a bakinsu manomi ke nan. Aikinsa tsaron gidan gona wanda ke nesa da maƙwabta, daga ɓarayi da namun daji. Sai a 1983 aka kafa ƙungiyar da ta bi gonaki tana zaɓen waɗanda za a rubuta. Gashinsa gajere, kansa ƙato, namiji kan wuce kilo 60. Abincin da zai ci ya kusa isar karnukan gida uku. Saboda ƙarfinsa ƙasar Denmak ta sa shi cikin irin da ta hana kiwo a 2010.

Akwai abin da mai sayen ɗaya daga cikin ukun nan zai tuna. Gidan Bahaushe ba a rufe yake wuni ba. Yaran maƙwabta na shiga, almajirai na shiga, 'yan talla na shiga. Karen da aka fitar don ya hana baƙo wucewa ba ya bambanta ɓarawo da yarinya mai tallan ƙosai. In ya yi ɓarna kuwa, mai shi ne zai tsaya gaban alƙali. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba shi da katanga da ƙofa mai kulle, da lokacin horon kare tun yana ƙarami, gara ya haƙura da su.

KARNUKAN FARAUTA

Labrado ya samo asali daga tsibirin Newfoundland a gabashin Kanada, wurin masunta. Kakanninsa kan faɗa ruwan sanyi su jawo igiya da taru, su kamo kifin da ya kuɓuce. A farkon ƙarni na 19 jiragen kifi suka kai waɗansu tashar Poole ta Ingila, manyan masu ƙasa suka saya suka mai da su masu ɗauko tsuntsun da aka harbe. An rubuta irin a Ingila a 1903. Nauyinsa kilo 25 zuwa 36, launinsa baƙi, ko ruwan zuma, ko ruwan ƙasa. Yakan ɗauko tsuntsu a baki ba tare da ya tauna ba, hancinsa kuma na da ƙarfi, har ana amfani da shi a filayen jirgin sama wajen gano miyagun ƙwayoyi. Shekara 31 a jere, daga 1991 zuwa 2021, shi ne aka fi rubutawa a Amurka. To, amma kowa nasa ne. Wanda ya saye shi don gadin kanti, ɓarawo zai zo karen ya tarye shi yana kaɗa wutsiya.

Azawak kuwa ɗan gida ne. Manoman Tawa da Filinge da Sakkwato sun san shanun Azawak masu nono. To, kwarin da ya ba shanun suna, wanda ya ratsa arewa maso yammacin Nijar da gabashin Mali, shi ya ba karen. Buzaye ke kiwonsa, suna kiransa oska. Tsayin namiji inci 25 zuwa 29 ne, amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 kawai. Ƙafafunsa dogaye, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, gashi gajere har ana ganin haƙarƙari. Wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce, alhali halittarsa ke nan, ita ce kuwa ke sa ya yi gudu cikin rana ba ya galabaita da wuri. Da ido yake farauta, ya bi zomo ko barewa da gudu, da dare kuma ya tsare zango da awaki daga kura da dila. Yana riƙe da mutanen gidansu, yana ɗari-ɗari da baƙo. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta rubuta shi a 2019. Can da tsada ake nemansa, da hunturu har riga ake sa masa.

Basenji ya fito daga dazuzzukan Kwango. Ƙarami ne, inci 16 zuwa 17, kilo 10 zuwa 11, goshinsa a yamutse, wutsiya a naɗe bisa gadon baya. Ba ya haushi, sai wani irin kuka mai kama da guɗa, saboda haka maharban can sukan rataya masa ƙararrawar itace don su san inda yake sa'ad da yake koro nama zuwa raga. Macensa sau ɗaya take neman barbara a shekara, sauran karnuka kuwa galibi sau biyu. Waɗanda aka fara kaiwa Ingila a ƙarshen ƙarni na 19 cutar can ta kashe su, sai a shekarun 1930 irin ya zauna. Ashe raba kare da ƙasarsa na da wuya ko ta wace fuska aka bi.

KAREN DA AIKINSA YA ƘARE

A Ingila ta da akwai wani wasa na mugunta, a ɗaure bijimi a saki karnuka su kama hancinsa. Buldog don wannan aka yi shi. Majalisar ƙasar ta hana wasan a 1835, kare ya rasa aiki, sai masu nuni suka ci gaba da zaɓe don kamanni kawai: ƙaton kai, gajerun ƙafafu, hanci a baje. Yau yana numfashi da ƙyar, yana minshari, yawancin matansu kuma ba su iya haihuwa sai likita ya yi musu aiki, domin kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugun uwar. Ƙaramin ɗan'uwansa na Faransa shi ya karɓe wa Labrado matsayi na ɗaya a Amurka a 2022. Wannan ya nuna shaharar kare a wata ƙasa ba ta gaya wa manomi kome game da amfaninsa a gona.

KAREN GIDA

Saura wanda aka fi rainawa, watau karen ƙauye mai gajeren gashi, ja ko ruwan ƙasa ko mai dabbare, wanda bai cika wuce kilo 20 ba. Mutane da yawa na zaton gauraye ne na karnukan Turawa da suka lalace. A 2009 masana na Jami'ar Cornell ta Amurka suka binciki jinin karnukan ƙauyuka a Masar da Uganda da Namibiya, suka tarar yawancinsu tsohon iri ne na Afirka mai zaman kansa. Ba wanda ya rubuta sunan kakanninsa, amma zafi da kaska da yunwa sun yi masa zaɓe shekaru aru-aru, wanda bai jure ba bai bar baya ba. 'Yan farauta sun san wannan, shi ya sa sukan bi karyar da ta yi suna su kama 'ya'yanta tun ba a yaye su ba.

Shi ke korar biri daga masara, ya hana dila kaji, ya ta da mai gida in an taɓa turken dabbobi da dare. Ga yawancin manoma abin da ake bukata ke nan, haushin da zai ta da mutane. Abin da ke kashe karen gida rashin kula ne. In aka ba shi rabin abinci da magani da ake ba na waje, sai a ga wani kare dabam.

ZAFI DA KASKA DA CUTA

Kare ba ya gumi kamar mutum ko doki, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa digiri 38 zuwa 39 ne, a watan Afrilu da Mayu kuwa zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan wuce 40 ko a inuwa. Waɗanda suka fi shan wuya uku ne: ƙato, da mai yawan gashi, da mai gajeren hanci. In an ga kare na haki ba tsayawa, yana dalala yana tangaɗi, a kai shi inuwa nan da nan, a zuba masa ruwa mai sanyi, a nemi likitan dabbobi.

Kaska kan sa wa kare wata cutar jini da aka fara ganewa a Aljeriya a 1935. Alamunta zazzaɓi, da ƙin abinci, da haɓo, da dasashi ya yi fari. Ta fi tsananta ga Alseshan, har ta kashe karnukan sojan Amurka da yawa a Biyetnam a ƙarshen shekarun 1960. Akwai kuma cutar amai da zawon jini ta 'yan kwikwiyo, wadda likitoci ke kira fabo. Ta ɓulla a 1978 ta game duniya, ta kuwa fi kama Rotwaila da Dobaman. Maganinta allurar rigakafi tun kwikwiyo na mako 6 zuwa 8, a maimaita yadda likita ya ce.

Amma cutar da ta fi duka ita ce haukan kare, ita kam ba ta san iri ba, ba ta san tsada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kusan duka kuma ta hanyar cizon kare. Wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai rigakafi tun 1885, sa'ad da Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da allura. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin allurar karnuka. A yi wa kwikwiyo ita yana wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara. In aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari, cutar kan mutu a garin. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru. Karen kuwa a tsare shi kwana goma ana dubansa, a sanar da malamin dabbobi.

ABIN DA MAI SAYE ZAI TAMBAYA

1. Wane aiki ake so karen ya yi, kuma shi ne aikin da kakanninsa suka yi?

2. Ƙasar da irin ya fito mai zafi ce ko mai sanyi?

3. Gidan na iya ci da shi kullum, har da lokacin da hatsi ya yi tsada?

4. Su wa ke shiga gidan da rana, akwai kuma inda za a killace shi?

5. A nemi ganin uwar da uban da ido, a dubi tafiyarsu da halinsu. Ɗan kwikwiyo mai gashi kowa na iya kiransa da sunan da ya ga dama, kuma masu neman kuɗi da sauri sukan haɗa wa da ƙanwa, abin da ke ƙara ciwon gado.

6. A karɓi katin allura mai sa hannun likita, kada kuma a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas.

Manomin da ya bi waɗannan zai tarar sau da yawa karen da ya dace da shi yana nan ƙauyensu, ko wurin Buzayen da ke saukowa da rani. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da bukatarsa ta kai shi ga na waje kuwa, ya zaɓi mai gajeren gashi, ya yi lissafin abinci da allura kafin ya yi ciniki.

Mako mai zuwa za a yi bayanin yadda ake sabar da ɗan kwikwiyo da garke, da irin abincin da ya kamata a ba shi daga yaye har ya kai wata shida.